Mati Ba Sunan Yanka Ba Ne

Litinin, bayan la'asar

Da sunan Allah. Na dawo daga Tsanyawa ban gama abin da ya kai ni ba.

Makon jiya hedimasta ya tara mu, ya ce bana kowane ma'aikaci zai cike fom ɗin harajinsa na shekara ta intanet, ya jera waɗanda ke ƙarƙashinsa da lambar katinsu na ɗan ƙasa. Ya ce da wannan jerin za a sabunta katin asibiti na ma'aikata. Wanda sunansa bai shiga ba kafin ƙarshen wata, katinsa ya mutu. Shekarata goma sha tara ina koyar da Larabci da addini a firamaren garinmu, ana cire haraji tun albashi bai iso hannuna ba, ban taɓa tambayar inda yake zuwa ba. Yau na ga inda yake kwana: cikin kwamfutar Ikrima, mai shago a bakin tasha.

Ya sa sunana, ya shige. Ya sa na Ramlat, autata, ya shige. Da ya sa na Mati sai wani jan rubutu ya fito. Ya goge ya sake, ya sake fitowa.

"Malama Aina'u, injin fa ya ce wannan ba ɗanki ba ne."

Na ce ya tambayi injin ina yake ranar da aka haife shi.

Ya yi dariya, ya juyo mini da fuskar kwamfutar. A fayil ɗina na aiki, wanda marigayi maigidana ya cike mini da hannunsa, sunan yanka ne. A katin ɗan ƙasa kuwa Mati ne. Ikrima ya karanta sunan yankan da ƙarfi har sau biyu, kamar mai kiran fasinja. Na dubi ƙasa.

Mati ɗan farina ne, shekararsa ashirin da shida. Kakarsa ce ta laƙaba masa Mati. Ban taɓa kama sunansa ba, kamar yadda uwata ba ta taɓa kama na yayana ba har ta koma ga Allah. A takardar hukuma zan iya rubuta shi. Wannan littafin kuwa bakina ne.

Talata, an fita tara

Laifina ne, gara in rubuta in huta.

Bara da masu rajistar katin suka zo makaranta, ni na kai shi. Wata bakwai ke nan da dawo mini da shi daga Dawanau, ba ya magana, ba ya amsa kira. Mai rajista ya tambaye shi suna, shiru. Ya juyo gare ni. Layi har bakin rijiya, matan unguwa duk sun kasa kunne. Na ce Mati. Ya ce, "Mati kawai?" Na ce haka ake kiransa. Ban yi ƙarya ba. Sunan mahaifinsa ma wata maƙwabciya ce ta faɗa daga bayana, Allah Ya saka mata.

Da na sani, da na nemi biro na rubuta masa sunan yankan. Ban tuna ba. Hankalina duk yana kan Mati.

Laraba, bayan azahar

Ƙwayoyinsa za su kai mu ƙarshen wata cif. Da katin asibitin nan ake ba mu su, kuma ban da shi ba abin da zan iya ba ne. Tun da ya fara sha yake barci kamar kowa, yake kai loma bakinsa da kansa. Yau ya zauna a gindin darbejiya, lulluɓe da bargonsa cikin wannan zafin, yana kallon tinkiya tana cin harawa. Na ajiye masa fura. Ya sha rabi.

Na kira Ikrima a waya. Ya ce gyaran suna a katin ɗan ƙasa sai a yi watanni, mu kuwa saura kwana ashirin da ɗaya. Ya ce ko a cire Mati daga jerin, fom ya shige yau ɗin nan. Ko in rubuta wa ofis su mayar da fayil ɗina Mati. Ko in je kotu in yi rantsuwa cewa sunayen biyu na mutum ɗaya ne, a ba ni takarda, ya ɗora ta a kan fom ɗin. Ya ce sunan da ke takardar rantsuwar dole ya zo daidai da na fayil harafi da harafi, injin ba ya yin uzuri.

Na ce na ji.

Alhamis, kafin magariba

Alhaji Muntaka ya zo. Shi ne yayan marigayi, mai sito a Dawanau, inda Mati ya yi masa aiki. Ban san wanda ya kai masa labari ba. Ya zauna a zaure, na tsaya daga ciki na gaishe shi. Ya zo da buhun wake. Tun da aka dawo da Mati daga sitonsa wake ba ya shiga gidan nan, ya sani.

"Aina'u, ki daina wahalar da kanki. Ki cire shi, ki gama takardarki."

"Idan na cire shi, Yaya, maganin fa?"

"Maganin bature me ya yi masa? Shekara biyu mutum a lulluɓe. Ni na ce ma sunan ne ya bi shi." Ya yi dariya shi kaɗai. "Akwai wani malami, yana da gida ana tsare irinsu. Wata uku, sai ki gan shi garau."

Na san gidan. Ɗan Tasallah maƙwabciyarmu ya je, ya dawo da tabon mari a ƙafa biyu.

Na ce masa ina godiya, amma Mati yana nan.

"Ɗan ƙanena ne fa. Na fi ki iko da shi. Ki ba ni shi ki gani."

Na ce, "Wancan karon da ka tafi da shi Dawanau ma haka ka ce."

Ban ɗaga murya ba. Da zai tashi ya ce ya riga ya yi magana da manyan gida: idan katin ya mutu ƙarshen wata, ranar ɗaya ga sabon wata zai zo da mota, kuma ba wanda zai saurare ni.

Na sa an mayar masa da buhunsa cikin mota.

Juma'a, hantsi

Ba zan cire shi ba.

Asabar, da walaha

Muna tsince gero da Ramlat ta ce, "Inna, to ki sa a mayar da fayil ɗin Mati mana. Ai kowa haka ya san Yaya. Ko shi da kansa."

Na ce mata ba a yanka rago a kan Mati ba. Mahaifinta kwana shida ya yi yana juya sunan nan kafin ya raɗa masa, bai gaya wa kowa ba sai liman. Ni ma a bakin wanzami na ji. Mutumin ya mutu, ɗan ya rasa maganarsa, ya rasa aikinsa, abokansa sun daina leƙowa. Abin da ya rage masa na ubansa shi ne wannan, sai kuma in goge don wani inji ya ji daɗi?

Ta ce, "To ai ke ko faɗarsa ba kya yi."

Na ce abin da mutum ba ya taɓawa ba shi ne abin da ya yar ba.

Ta fashe da dariya. Wai har yanzu 'yan aji shida suna yi mini tarkon da suka yi a zamaninsu? Suna yi. Sunan nasa sunan sura ne. Duk shekara idan muka iso wurin sai wani ya ɗaga hannu, fuska a ɗaure: "Malama, wace sura za mu shiga gobe?" In ce ta gaba. "Malama, ya sunanta?" In ce a buɗe a gani, ai don haka aka koya muku baƙi. A cikin karatu ina furta kalmar da duk haƙƙinta, don ba a rage wa maganar Allah harafi saboda kunyar wata Aina'u. Amma karatu daban, kira daban.

Litinin, bayan la'asar

Na koma wurin Ikrima. Na sa ya sake gwadawa ko injin ya huce. Bai huce ba.

Ya rage murya. "Malama, akwai hanya mai sauƙi. Ina da mutum. Ki ba ni hotonki guda biyu, gobe warhaka takardar rantsuwa tana hannunki, da hatimi da komai. Ba sai kin je ba."

"Wa zai rantse?"

"Babu wanda zai rantse. Rubutu ne kawai."

"Rubutun me zai ce?"

"Zai ce ke kika rantse."

"To ban rantse ba."

"Amma ai abin da ke ciki gaskiya ne! Ɗanki ne ko ba ɗanki ba?"

Na ce ɗana ne, amma takardar za ta ce na tsaya gaban hukuma na ambaci sunan Allah, alhali ina gida ina tankaɗe. Ya dafe kai. Ya ce kowa haka yake yi, har masu rawani. Na ce to su za a tambaya, ni nawa za a tambaye ni.

"Malama, wallahi ke ce kwastoma ta farko da na kawo wa sauƙi ta ce a mayar."

Mutumin kirki ne. Ya buga mini sunan yadda yake a fayil, ya ninke takardar ya miƙo ba tare da ya karanta ba. Ya fara ganewa. Na duba a mota: marigayi da harafin d ɗaya ya rubuta shi. Shadda guda ta faɗi a boko. Shi da ya fi ni Larabci. Na yi ta kallon wurin har muka iso gida.

Talata, bayan azahar

Yau ba a ji daɗi ba, ciwon Mati ya motsa. An fasa randa. Ba wanda ya ji ciwo. Ba zan rubuta sauran ba.

Laraba, da safe

Kafin in fita makaranta har labarin randa ya isa Dawanau. Alhaji ya bugo: "Kin gani ko?" Na ce na gani, randa ce, akwai irinta a kasuwa.

Ba zan cire shi ba.

Juma'a, bayan an sauko

Gwaggo Hure ta zo, ƙanwar mahaifina. Ita kaɗai ta rage mini a manya. Tana zama Mati ya matso kusa da ita, kamar kullum. Ramlat ta riga ta kwashe mata komai.

"Wai kotu za ki? Ki tsaya gaban maza ki kama sunan ɗan fari, ki ɗora da na miji? Suna biyu a numfashi ɗaya? Aina'u, uwarki ko waƙe-waƙen biki aka zo kan sunan yayanki sai ta tashi ta bar wurin."

Sai a lokacin na tuna akwai na mahaifinsa ma. Shi ma shekara ashirin da uku muna tare ban faɗa ba.

Na ce, "Gwaggo, to in yi yaya?"

"Ki bar mai kwamfutar ya yi abin da ya iya. Ba ke kika ƙirƙiro zamani ba."

Na ce Baffa, mahaifina, ya karantar da ni littattafai bakwai a zauren gidanmu. Babu ɗaya da ya ce haramun ne uwa ta faɗi sunan ɗanta. Rantsuwar ƙarya kuwa kowanne ya ambace ta.

"Ai shi ya sa na ce wa ubanki kada ya zurfafa ki. Mace ta san fatiha da kunya, ya isa."

Ta gutsuri goro ta ba Mati, ya karɓa. Ba ta sake tayar da maganar ba har ta tafi, amma sallamarta a taƙaice ce.

Na san hukuncin tun ba yau ba. Sani daban, harshe daban.

Lahadi, hantsi

Na je gonar bayan gari da sunan duba rumbu. Ba kowa sai kara da tsuntsaye. Na ce bari in gwada furta sunan. Harafin farkon da rufe baki ake fara shi. Na rufe, ya ƙi buɗuwa.

Sau uku. Na dawo da ɗaurin kara don kada a ce me na je yi.

Talata, bayan la'asar

Na nemi izini a makaranta, na shiga mota, na je kotu. Na ga ƙofar, na ga benci, na ga mai buga takarda a gindin bishiya. Wata mata ta tambaye ni ko ni ce ta ƙarshe a layi. Na ce a'a. Na sayi gishiri na dawo.

Allah Ya gani. Ban gaya wa Ramlat ba.

Laraba, bayan azahar

Hedimasta ya liƙa sunayen waɗanda ba su gama ba. Mu uku ne. Ya kira ni gefe ya ce, cikin ladabi, wai taurin kai ba ya kama da ni. Na ce ni ma ban san ina da shi ba, sai da aka zo neman ɗana.

Alhamis, kafin magariba

Saura ƙwaya shida.

Yau ina shara sai na ga ya naɗe tabarmarsa da kansa ya jingine a bango, daidai yadda ubansa yake yi, bakin a ƙasa. Ba wanda ya ce ya yi. Na tsaya da tsintsiya a hannu. Na tuna ƙafafun ɗan Tasallah.

Kunyar nan don girmama shi aka yi ta. Idan ita ce za ta kai shi gidan mari, to wa ta girmama?

Asabar, da safe

Na aika wa Gwaggo cewa Litinin zan je, kuma da shi zan je, don a gan shi ido da ido. Ba ya zama a mota sai da ita. Ban roƙe ta ba, na dai gaya mata.

Lahadi, bayan isha'i

Ba ta aiko da amsa ba. Na wanke masa farar rigarsa.

Litinin, bayan la'asar

Muna fitowa na tarar da ita a zaure da sandarta. Ta ce, "Ba don ke na zo ba."

Mai buga takarda ya karɓi 'yar takardar Ikrima ya buga. Na karanta a tsanake. Ya ƙara d, ya sa biyu. Na ce ya cire ɗaya. Ya ce, "Hajiya, ai haka ne daidai." Na ce na fi shi sanin haka ne daidai, shekara goma sha tara ina cin abinci da shadda, amma yadda ubansa ya rubuta za a rubuta. Ya sake bugawa yana gunaguni.

Magatakardan dattijo ne mai gilashi, layi ya gajiyar da shi. Ya dubi hotuna, ya dubi Mati a kan benci cikin bargo, ya turo mini takardar. "Sa hannu a nan, Malama. Shi ke nan."

Na ce, "Ba a karantawa?"

"Ai kin san abin da ke ciki."

Ga ƙofa a buɗe, ba wanda ya tilasta mini. Gwaggo ta taɓa ni da sanda a ƙafa, wato sa hannu mu tafi. Na riƙe biron. A saman takardar an rubuta cewa na rantse. Idan na sa hannu ban furta ba, me ya raba ni da mutumin Ikrima ban da kuɗin mota?

Na ce, "Ranka ya daɗe, ina da alwala. A ba ni in rantse."

Ya cire gilashin ya dube ni. Ya miƙo Alƙur'ani.

Muryata ba ta da ƙarfi, kowa ya sani, 'yan bayan aji kullum ƙorafi suke. Amma ɗakin ya yi tsit. Na faɗi sunana. Na rantse da Allah cewa wanda ake kira Mati ɗana ne, ni na haife shi, kuma shi ne mai wannan suna. Na rufe baki a kan harafin farko. Ya buɗu. Na ba shi shaddarsa duka biyu. Na ɗora na mahaifinsa a kai.

Ƙasa ba ta tsage ba.

Da na juyo, Mati ya zame bargon daga kansa yana kallona. Ba gefena ba, ba bangon bayana ba, ni. Rabon da ya dubi fuskata tun ranar da aka sauke shi daga mota.

A hanya na kasa haɗa ido da Gwaggo. Muna gab da sauka ta ce da kwandasta, ba da ni ba, "Ni kunnen nan nawa ya daɗe da mutuwa. Duk abin da aka yi a ɗakin can ban ji ko ɗaya ba."

Talata, bayan azahar

Yau ƙarshen wata. Sabis ya ɗauke tun safe, shagon Ikrima cike da malamai, kowa yana tsaki. Sai wajen sha biyu ya dawo. Ikrima ya ɗauki hoton takardar ya ɗora, ya dubi sunan harafi da harafi da yatsa, bai karanta a fili ba. Abin ya yi ta juyawa. Sannan kore ya fito.

"Malama, injin ya yarda ɗanki ne."

Na ce Allah Ya yi masa albarka, shi ba injin ba.

Ya buga mini shaida. Sunaye uku, nasa a tsakiya.

Laraba, hantsi

Alhaji bai jira labari ba. Ƙarfe takwas mota tana ƙofar gida, da wasu ƙarti biyu a baya, ɗaya riƙe da igiya wai ta ɗaure kaya ce. Na fito zaure da takardar shaidar na miƙa masa. Ya karanta, ya juya bayanta, ya sake karantawa.

"Takarda ce kawai, Aina'u. Takarda ba ta warkar da mutum. Mota ta riga ta zo, an sha mai."

Na ce sharaɗin da ya kafa gaban manya shi ne idan kati ya mutu. Bai mutu ba.

"Ki kauce in shiga in ga ɗana."

Ban kauce ba. Na ce, "Yaya, Mudassir ba ya zuwa ko'ina."

Ya ja da baya kamar na watsa masa ruwa. "Sunansa kika kama? Ke?"

Daga cikin gida, daga gindin darbejiya, wata murya da ta dushe don rashin aiki ta ce, "Na'am."

Ba kiransa na yi ba. Amma tunda ya amsa, na bar Alhaji a zaure da takardar a hannunsa, na shiga.